Tarin fuka mai barci: wa za a fara aunawa cikin matafiya?

Karatu na ɗaya: Garin matafiya

Damagaram garin matafiya ne tun kaka da kakanni. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, aka kewaye Birni da ganuwa. A lokacin nan ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya ratsa Gat da Agadas, ya sauka nan kafin ya wuce Kano. Wurin da Buzaye da fatake ke sauke kayansu shi ne ya zama unguwar Zango da kuka sani.

Yau motoci sun karɓi raƙuma, amma tafiya ba ta ƙare ba. Da an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai samari su ɗaure ƙunshi su tafi cin rani. Wasu su nufi Kano ko Legas. Wasu su bi ta Tanut da Agadas su shiga Libiya. Da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, wasu suka koma haƙar rami a tsakiyar hamada. Daga yankin Kance kuwa har mata da yara kan tafi Aljeriya biɗa. Hanyar nan ba ta da daɗi. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa arewa da Arlit, galibinsu mata ne da yara. Daga watan Disamba na 2014 aka fara maido da ƴan ƙasarmu daga Aljeriya mota-mota.

Kowannenku, in an tambaye shi, yana da wa, ko kawu, ko maƙwabci da ke can. In sun dawo sukan zo da tsaraba: atamfa, takalma, dabino, wayar hannu. To, akwai wata tsarabar da matafiyi kan ɗauko bai sani ba, don a ƙirji take, ba a jaka ba. Sunanta tarin fuka. Da Faransanci ana ce da ita tuberculose.

Ku lura tun yanzu, ba matafiya suka kawo wannan cuta ƙasarmu ba. Tana nan gida tun dā, kuma wani da ita ya bar gari. Abin da ya sa muke maganar matafiya shi ne, hanya da zaman baƙunci sukan ba cutar dama fiye da zaman gida.

Karatu na biyu: Garwashi cikin toka

Mutanen dā, har a Turai, sun ɗauka tarin fuka gado ne, don sun ga yana bin gida ɗaya yana kashe uba da ɗa da jika. Ranar 24 ga watan Maris na 1882 wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya tara ƴan uwansa likitoci a birnin Balin, ya nuna musu abin da ke kawo shi. Wata ƙwayar cuta ce mai siffar ɗan sanda, ƙanana ƙwarai. In aka jera ɗari uku kai da kai, da ƙyar su kai milimita ɗaya. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Saboda wannan aiki ne duk duniya ke tunawa da yaƙi da tarin fuka ranar 24 ga Maris kowace shekara.

Ta iska ƙwayar ke tafiya. In marar lafiya ya yi tari, ko atishawa, ko ma magana da ƙarfi, sai ƴan ɗigo-ɗigo su fito daga huhunsa su yi ta yawo cikin ɗaki har sa'o'i. Wanda ya shaƙa ya ɗauka. Gaisawa da hannu ba ta kawo ta, cin tuwo a kwano ɗaya ma haka. Hasken rana yana kashe ta, iska mai kaɗawa tana watsa ta. Abin da take so shi ne ɗaki mai duhu, a rufe, cike da mutane.

Yanzu ku tuna yadda ƴan cin rani ke kwana. Mutum goma sha biyar cikin ɗaki ɗaya, don kuɗin haya ya yi sauƙi. Lokacin ɗari kuma a toshe ƙofa da taga. Ku tuna bayan babbar mota, kwana da kwanaki, fuska kusa da fuska. Ku tuna ramin zinariya, da gidan da ake tsare waɗanda aka kama ba takarda. In mutum ɗaya ne ke tari cikinsu, sauran duka iskarsa suke sha. Ko ɗakunanmu na Birni, masu katanga mai kauri da ƴar taga kamar tafin hannu, suna da daɗi lokacin bazara, amma iska ba ta ratsa su sosai.

Ga abin mamaki. Yawancin waɗanda suka shaƙi ƙwayar ba su kwantawa. Jikin mutum yana da dakaru, su ne fararen ƙwayoyin jini. Da ƙwayar cutar ta isa huhu sai su taru su kewaye ta, su gina mata ganuwa. A jikin wasu sukan kashe ta ƙurmus. A jikin wasu kuwa ba ta mutu ba, ba ta kuma fita ba, sai ta lafe. Wannan shi ne tarin fuka mai barci.

Kun taɓa ganin inna ta rufe garwashi da toka da dare? Da safe in kun duba murhu sai ku ce wuta ta mutu. Babu hayaƙi, babu harshen wuta. Amma in ta tone tokar, ta sa ƴan karare, ta hura, nan da nan wuta ta kama. Haka mai barcin nan take. Wanda ke ɗauke da ita lafiyarsa lau, yana noma, yana dako, ba ya tari. Kuma ku riƙe wannan da kyau: ba ya sa wa kowa. Mai tarin da ya farka shi ne ke yaɗawa.

Me ke tone tokar? Duk abin da ya raunana dakarun jiki. Yunwa tana kan gaba. Sai ƙwayar cutar sida, wadda ta fi kome tashe ta. Sai ciwon sukari, da shan taba, da shan giya, da tsufa. Masu fasa dutse da haƙar zinariya suna da nasu haɗarin, don ƙurar dutse tana ɓata huhu. Jarirai da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuwa dakarunsu ba su ƙosa ba tukuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa ɗaukar ƙwayar. Cikin kowane 100 da suka ɗauka, 5 zuwa 10 ne za su kwanta wata rana, kuma yawancinsu cikin shekara biyun farko. Kamar kaɗan ne ko? Amma duniya tana da yawa. A 2023 mutum wajen miliyan 10 da dubu 800 suka kamu da tarin da ya farka, wajen miliyan 1 da dubu 250 suka rasu.

Karatu na uku: Yadda ake leƙa ƙarƙashin toka

Tarin da ya farka yana nuna kansa. Mutum ya yi ta tari fiye da mako biyu, zazzaɓi da marece, gumi da dare har tabarma ta jiƙe, ya rame, wani lokaci jini cikin kaki. A asibiti sai a karɓi kakinsa a duba da madubi, ko a sa cikin wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda OMS ta amince da ita a 2010. Cikin sa'a biyu take ba da amsa. Akan kuma ɗauki hoton ƙirji, wanda mu nan muke ce wa radiyo.

Mai barci fa? Ba ta cikin kaki, hoton ƙirji ma sau da yawa fes yake fitowa. Saboda haka likitoci suka yi dabara. Tun da ba su iya ganin ɓarawo, sai su tambayi masu gadi ko sun san fuskarsa.

Dabara ta farko ita ce awon fata. Koch ya fitar da wani ruwa daga ƙwayar cutar a 1890, yana zaton magani ne. Bai warkar da kowa ba, amma ya yi wani amfanin. Wani likita Bafaranshe, Charles Mantoux, ya nuna yadda za a sa ɗigon ruwan nan da ƴar allura cikin fatar hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Mutum ya tafi gida, ya komo bayan kwana biyu zuwa uku. In dakarun jikinsa sun taɓa gamuwa da ƙwayar, sai su rugo wurin, ya kumbura ya yi tauri. Majo ya sa abin awo ya auna faɗin taurin, ba jan ba. Galibi milimita 10 ko fiye shi ake ɗauka alama. Ga mai sida kuwa ko 5 ta isa.

Awon nan yana da araha, amma yana da aibi biyu. Na farko, dole mutum ya komo. Matafiyin da motarsa za ta tashi gobe da asuba, wa zai tsai da shi kwana uku a tasha? Na biyu, ku dubi hannunku. Yawancinku kuna da ɗan tabo na allurar BCG da aka yi muku kuna jarirai. Faransawa biyu ne, Albert Calmette da Camille Guérin, suka haɗa ta, aka fara ba jariri ita a Paris a 1921. Tana kare ƙananan yara daga mugun nau'in cutar, irin wanda ke kama ƙwaƙwalwa, amma ba ta tsare manya sosai. To, wannan allura takan sa fatar wani ta kumbura alhali bai ɗauki cutar ba.

Dabara ta biyu awon jini ce, wadda ta bayyana bayan shekara ta 2000. A ɗebi jini sau ɗaya, a kai ɗakin bincike, a ga ko dakarun da ke ciki za su harzuƙa in an nuna musu ɓangaren ƙwayar. BCG ba ta ruɗa shi, kuma ba sai mutum ya komo an duba hannu ba. Sai dai yana da tsada, yana son na'urori da lantarki.

Dukansu biyu abu ɗaya suke faɗa: jikin nan ya taɓa gamuwa da ƙwayar. Ba su faɗin ko har yanzu tana da rai. Ba su faɗin ko za ta farka. Wani lokaci ma sukan yi shiru alhali tana nan, misali in bai fi ƴan makonni da ɗauka ba, ko in yunwa ta ci jikin mutum har dakarunsa ba su iya amsawa.

Karatu na huɗu: Kirdadon likita

Akwai maganin da ke kashe mai barci kafin ta farka. Ana shan wani mai suna isoniazide kullum har wata 6. Akwai wani haɗin da ake sha sau ɗaya a mako, har sau 12. To, me zai hana a auna kowa, a ba kowa?

Mu yi lissafi. A ce mutum 400 suka sauka a tasha. In muka bi ƙiyasin duniya, wajen 100 sun taɓa ɗaukar ƙwayar. Cikin 100 ɗin nan, 5 zuwa 10 ne za su kwanta. Ke nan in aka ba su magani duka, mutum 90 ko fiye sun sha wata da watanni, alhali ko ba su sha ba lafiya za su zauna. Magani kuwa ba alewa ba ne. Yakan taɓa hanta, musamman ta manya. Kuma mai jin kansa garau ba ya son haɗiyar ƙwaya kullum, sai ya fara ya bari. Ga kuɗin awo, ga ma'aikata kaɗan. Shi ya sa dole a zaɓa. A fara da wa?

Nan ne kirdado ya shigo. Kada ku haɗa shi da duba. Mai bugun ƙasa cewa yake ya san gobe. Likita bai san gobe ba, Allah kaɗai ya sani. Aikinsa irin na tsohon manomi ne. In ya ga hadari ya haɗu a gabas, iska ta juya, zafi ya yi nauyi, sai ya ce a kwashe shanya. Ba kullum ruwan ke sauka ba, amma ya ga damina da yawa, ya san in alamun nan suka taru galibi ana ruwa. Likitoci ma sun bi dubban mutane shekara da shekaru, suna rubuta wanda ya kwanta da wanda bai kwanta ba, har suka gane alamun da ke taruwa.

Tambaya ta farko da sukan yi ita ce: daga ina? Ana auna yawan cutar a ƙasa da adadin waɗanda suka kamu a shekara cikin kowane mutum 100.000. A ƙiyasin OMS, Nijar tana wajen 80 a 2021. Najeriya tana 219 a 2022. Afirka ta Kudu ta haura 400 a wannan shekara. Faransa kuwa ba ta kai 10 ba. Wanda ya girma inda cutar ta yi yawa, ya fi yiwuwa ya shaƙe ta.

Ta biyu: shekarunsa nawa? Nan akwai wuyar sha'ani. Dattijo ya daɗe yana shan iskar duniya, don haka ya fi saurayi yiwuwar ɗauke da ƙwayar. Amma saurayi yana da shekaru masu yawa a gaba da za ta iya farkawa a ciki, kuma hantarsa ta fi jure magani. Kun ga tambayoyi biyu ne daban: wa ke ɗauke da ita, kuma a jikin wa za ta tashi?

Ta uku, wadda a ganina ta fi sauran nauyi: ya zauna da mai tari? Yaushe? Garwashin jiya ya fi na makon jiya saurin kamawa. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da marar lafiya watanni uku da suka wuce yana cikin haɗari fiye da wanda ya ɗauka tun yana goye. Sai a ƙara da halin jikinsa: yana da sida, ko ciwon sukari, ya rame, yana shan taba?

Ƙasashen da cutar ta yi ƙaranci su suka fi damuwa da wannan lissafi. A Amurka, cikin masu tarin fuka 10, fiye da 7 a wata ƙasa aka haife su, kuma galibi tsohuwar ƙwaya ce ta farka bayan sun isa. A Ingila an kafa tsari tun 2015. Ana ba baƙo awon jini in shekarunsa 16 zuwa 35, in bai fi shekara 5 da zuwa ba, kuma in ya fito daga ƙasar da ke da 150 ko fiye cikin 100.000, ko daga ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Ku duba, tambayoyin da muka yi ne aka mayar ƙa'ida.

A 2020 wasu masana a Landan suka matsa gaba. Suka tara bayanan mutum fiye da 80.000 daga ƙasashe 20, suka ba kwamfuta ta lissafta. Suka ga cikin baƙin da awo ya nuna suna da mai barci, kuma ba su sha magani ba, wajen 5 cikin 100 ne suka kwanta cikin shekara 5. Cikin yaran da suka zauna da marar lafiya kwanan nan kuwa, wajen 15 ne cikin 100. Daga nan suka haɗa wani ma'auni mai suna PERISKOPE-TB. Likita ya sa shekarun mutum, da ƙarfin sakamakon awonsa, da labarin zamansa da mai tari, da ƙasar da ya fito, sai ma'aunin ya ce masa haɗarin kaza ne cikin ɗari.

Wannan aiki ne mai kyau, amma mu dube shi da idon Damagaram. A ce samari biyu ne ƴan unguwa ɗaya, shekarunsu ɗaya, takardarsu duk ta ce Nijar. Ɗaya ya shiga jirgi a Yamai ya tafi karatu. Ɗaya ya yi wata takwas a hanya, ya yi aikin rami, an tsare shi wata biyu da mutum hamsin a ɗaki ɗaya, cin abinci sau ɗaya a yini. In sunan ƙasa kawai aka duba, sai a ce haɗarinsu ɗaya. Ku da kanku kun san ba ɗaya ba ne. Takarda tana faɗin inda aka haifi mutum, ba ta faɗin inda ya kwana. Likita mai hankali yakan tambayi hanya, zango-zango, kamar yadda madugu ke lissafa rijiyoyi.

Kuma ma'aunin da aka ƙera a inda cutar ta yi ƙaranci ba lalle ya dace da mu ba. A Landan wanda ya sha magani ya rabu da ƙwayar, da wuya ya sake gamuwa da ita. Ɗan cin ranin da zai koma ɗaki ɗaya baɗi yana iya sake shaƙa.

Saura abu guda. Awo yana iya zama alheri, yana iya zama tarko. In matafiyi ya san sakamakon zai sa a kore shi daga aiki, ko a mai da shi baya, to, zai ɓoye tarinsa, ya guji asibiti, ya ci gaba da kwana cikin ƴan uwansa. Wanda aka samu da mai barci bai yi laifi ba, ba ya kuma cutar da kowa. Wanda aka samu da mai farke magani yake bukata, kuma bayan ƴan makonni yana sha yadda ya kamata, haɗarin ya sa wa wani yakan ragu ƙwarai.

Karatu na biyar: Mu nan gida

A ƙasarmu ba a bin kowane matafiyi da awon jini. Aikin farko shi ne a nemo masu tarin da ya farka, don su ne ke hura wa sauran wuta. Mutum ɗaya da bai sami magani ba yana iya sa wa 5 zuwa 15 cikin shekara. In aka bar su ba magani, kusan rabi mutuwa suke yi. Magani kuwa kyauta ne a asibitin gwamnati. Ana shan iri huɗu wata 2, sannan iri biyu wata 4. Ɗaya daga ciki yana mai da fitsari ja-ja, kada wannan ya ba kowa tsoro. Abin tsoro shi ne a bari a tsakiya don an ji sauƙi. Ƙwayoyin da suka rage sai su taurare, maganin farko ya daina cin su, a koma wani mai wuya da daɗewa.

In an sami marar lafiya, sai a duba mutanen gidansa. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 da masu sida su ke kan gaba wajen samun maganin kariya, in an tabbata tarin bai riga ya farka a jikinsu ba. Wannan ma kirdado ne, an fara da waɗanda haɗari ya fi kusa da su.

Ku kuma kuna da naku aikin. In yayanku ya dawo yana tari, ku ƙirga kwanaki. In ya wuce mako biyu, ku gaya wa baba ko inna da ladabi cewa a makaranta an ce a kai shi a duba kaki. Kafin nan kada ƙannenku ƙanana su kwana ɗaki ɗaya da shi. A buɗe taga, a shanya tabarma da bargo a rana, shi kuma ya rufe baki da ƙyalle in zai yi tari. In ya je gaban majo, ya faɗi duk inda ya bi da waɗanda ya kwana da su.

Kalmomi

ƙwayar cuta: microbe
huhu: poumon
kaki: crachat
hanta: foie
rigakafi: vaccination
awon neman cuta: dépistage

Tambayoyi

1. Me ya sa ake tunawa da ranar 24 ga watan Maris?
2. Mene ne bambancin tarin fuka mai barci da wanda ya farka? Wanne ke yaɗuwa?
3. Ku faɗi abubuwa huɗu da ke raunana dakarun jiki.
4. Don me awon fata ke da wuya ga matafiyi?
5. Me ya raba kirdadon likita da duba?
6. Samarin nan biyu ƴan unguwa ɗaya, wa za ku fara aunawa? Don me?

Lissafi

a) Mutum 1.200 suka dawo daga cin rani. In ɗaya cikin huɗu ya taɓa ɗaukar ƙwayar, su nawa ke nan? In 5 cikin 100 na waɗannan za su kwanta, su nawa?
b) An yi wa mutum awon fata ranar Litinin da safe. Waɗanne ranaku ya kamata ya komo?
c) Wani ya fara maganin wata 6 ranar 1 ga Nuwamba. A ƙarshen wane wata zai gama?

Aiki

Ku zana taswirar Nijar cikin littafinku. Ku sa Damagaram, Tanut, Agadas, Arlit, Asamaka da Dirku, ku ja hanyar da ke zuwa Kano. A gida ku tambayi wani babba da ya taɓa zuwa cin rani: kwana nawa ya yi a hanya, su nawa suke kwana a ɗaki, ɗakin yana da taga? Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar da Hausa, ba tare da sunansa ba, sannan ku mai da layi biyu zuwa Faransanci.